Sunan da Za a Ɗinka a Rigar Runa

Hammerfest, 14 ga Satumba, 1987

Zuwa ga Gwaggo Gudveig,

Gaisuwa mai yawa daga nan ƙurewar Arewa. Ina fatan gwiwar nan taki ta yi sauƙi, yayanki Baffa Haldor kuma yana nan da ƙarfinsa. Ni da Sissel da 'yarmu Runa lafiya lau muke. Inna Borghild ce dai idonta ke ta ja da baya. Likita ya ce na hagun ya riga ya tafi, na daman ma ba ya jin zai kai ƙarshen baɗi.

Na rubuto ne don na san kunnenki ba ya shiri da tarho. Ranar takwas ga Mayu za a yi bikin tabbatar da bangaskiyar Runa a coci tare da sa'o'inta, Inna kuma ta rantse ita za ta ɗinka mata bunad, wato kayan gargajiya na biki, da hannunta, irin na Hardanger, kayan ƙasar su Baba. Ta gama baƙin siket da jar rigar sama. Saura farin ƙyallen gaba, mai aikin ƙirga zare, da ƙyallen ƙirji na duwatsun ado. Tun safe take bakin taga tana tsere da rana, don kin san daga ƙarshen Nuwamba ba za mu sake ganinta ba sai Janairu. Na ce ta riƙa hutawa. Ta ce, "Kai, tafi wajen kifinka. Wannan ne na ƙarshe. In na gama, ido ya yi abin da ya ga dama."

Ga abin da take roƙo. Tana so ta ɗinka sunan kakar gida a cikin rigar, daga ciki, wajen zuciya, wato mahaifiyar kakana Sjur. Takardunmu duka sun tafi lokacin da aka ƙone garin nan a yaƙi, Baba Olai kuma ya rasu ba mu tambaye shi ba. Abin da ya sha faɗa mana kawai shi ne Sjur da babanku Torkel uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'yan gonar Almenes. To, kakarki ce ke nan. Ki aiko mana da sunanta da shekarar haihuwarta.

Runa tana gaishe ki. Ta gwada siket ɗin ta ce ta koma kamar ƙararrawar coci.

Naki,
Eilert Almenes


Almenes, 9 ga Oktoba, 1987

Ɗana Eilert,

Wasiƙarka ta same ni a ƙarƙashin itacen tuffa da kwando a hannu, na zauna nan a kan ciyawa na karanta ta sau biyu. Gwiwa da sauƙi. Haldor yana nan yadda ka san shi, magana uku a yini, biyu daga ciki da kare yake yinsu. Ka gai da Borghild ƙwarai, ka ce na jinjina mata.

Da na so, da a ranar na ba ka amsa da kalma ɗaya, don sunan kakata Ingeleiv. Amma shekara arba'in na yi ina ce wa yara kada su rubuta abin da ba su duba ba, kunya ba za ta bar ni in karya dokata da tsufana ba. Sai na bar wa Haldor murhu, na shiga jirgin ruwa zuwa Bergen, na yi kwana uku a gidan adana tsofaffin littattafan coci. Eilert, da ka ga rubutun faston nan na wancan zamani! Kamar kaza ta taka tawada. Amma na karanta, kuma abin da na gani ya hana ni zama a kujera.

A shafin haihuwa na shekarar 1868 akwai yara biyu daga gonar Almenes. Sjur a ƙarshen Janairu, Torkel a tsakiyar Fabrairu. Mako uku ne tsakaninsu! Uwa ɗaya ba ta yin haka. Na bi layin da yatsa, sai ga shi a fili. Torkel ɗan Ingeleiv ne, uwargidan gona. Sjur kuwa ɗan wata Brita ne, mai aikin barga a gidan, mijinta ya nutse wajen kamun kifi kafin ta haihu.

Ka zaunar da Runa ka karanta mata wannan, darasi ne mai daɗi. A da, mutum ba ya gadon sunan gona a jini. Inda kake kwana, nan ne sunanka. Mai gona da bara da mai kiwo duk Almenes ne muddin suna ƙarƙashin rufin. In ka tashi ka koma wata gona, sai ka ajiye wannan ka ɗauki wancan, kamar hula. Sjur ya tafi Arewa da hular a kansa, can kuma ba wanda ya ce ya cire. Ka ga ke nan shi ba jinin gidan nan ba ne ko kaɗan. Ashe duk shekarun nan kuskure muke bi, mu da ku!

Don haka ka ce wa Borghild ta dakata tukuna. Abin da ba naku ba kada a ɗinka shi a jikin yarinya. Zan ci gaba da tono.

Na sa muku busasshiyar tuffa a wani ƙunshi dabam.

Gwaggonka,
Gudveig


Hammerfest, 2 ga Nuwamba, 1987

Malama Gudveig Almenes,

Muna lafiya. Wasiƙa ta iso, tuffa ma ta iso. Mun gode da wahalar da kika sha.

Na karanta wa Inna kamar yadda kika ce. Ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. Sai ta ce in maimaita mata layin nan na abin da ba namu ba. Na maimaita. Ta zare allura, ta naɗe kayan duka, ta sa a akwati. Abin da ta ce kawai shi ne, "Shekara arba'in da biyu Olai yana nuna mini kudu da yatsa yana cewa gonarmu. Ashe barga yake nunawa."

Ta dakata, kamar yadda kika umarta. Runa za ta sa farar riga ta kanti, ba ita kaɗai ba ce a ajinsu. Kada ki ƙara wahalar da kanki da tono.

Eilert, jikan Sjur ɗan Brita


Almenes, 11 ga Nuwamba, 1987

Eilert,

Ina fatan kuna lafiya, ni kam tun da na buɗe wasiƙarka ban ji daɗin abinci ba. Wace Malama? Yaushe na daina zama gwaggonka?

Sunan Ingeleiv nake nufi, ɗana. Sunan kawai! Shi na ce kada a ɗinka, har in samo muku cikakken na Brita. Rigar taku ce. Brita 'yar ƙetaren ruwan nan ce, daga tagar kicin ina hango gangaren da aka haife ta. Ba wanda ya fi Runa haƙƙin kayan Hardanger. Murnar abin da na gano ce ta ɗebe ni na rubuta kamar ina gaban allo, na manta mutane ne za su karanta, ba 'yan aji ba.

Na kira ku sau biyu. Sissel ta ɗauka, na ji tana magana kamar daga cikin rijiya, ban kama komai ba sai kalmar teku.

Don Allah a buɗe akwatin nan. Kwana goma suka rage muku na rana.

Gwaggonka, ko ka so ko ka ƙi,
Gudveig


Almenes, 6 ga Janairu, 1988

Ɗana Eilert,

Barkanku da sabuwar shekara. Ina fatan sanyi bai taɓa ƙirjin Borghild ba. Mu nan lafiya, sai dai ƙanƙara ta karya mana reshen tuffa biyu. Ban ga amsarka ba, ban kuma yi fushi ba. Amma wannan karon ka daure ka karanta har ƙarshe, sa'annan ka buɗe ƙunshin.

Katunan Kirsimeti a kan igiya muke rataye su a bangon kicin. Shekara talatin naku ne a gefen agogo, bana wurin ya zauna fayau. Ran Lahadi muna shan kofi bayan coci, Haldor ya ɗaga kai ya dubi igiyar.

Ya ce, "Ina na mutanen Arewa?"

Na ce, "Ba su aiko ba."

"Me kika yi musu?"

"Me ya sa kake zaton ni ce?"

"Shekara sittin da tara na san ki, Gudveig."

Sai na kwashe duka na faɗa masa, da Bergen da littafin da wasiƙar. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya dube ni kamar yadda yake duban tunkiyar da ta maƙale a shinge.

"Ke da kika karantar da rabin garin nan, sai da kika shiga jirgi har Bergen kafin ki san Brita ce ta haifi Sjur?"

"Wai ka sani?"

"Kyanwar gidan nan ma ta sani."

"To, me ya hana ka faɗa mini?"

"Kin tambaye ni? Cewa kika yi in kula da murhu, za ki tafi bincike."

Eilert, da ƙasa za ta buɗe da na shiga. Ka tuna ina da shekara bakwai Baba ya rasu, Haldor kuwa goma sha tara, tare suka yi noma. Ni na tafi neman Baba a littafi, ga wanda ya san muryarsa yana zaune gabana kullum yana cin burodi.

Ya ce, "A littafin naki mai daraja, kin buɗe shafin mutuwa?"

Ban buɗe ba. Haihuwa na je nema, haihuwa na duba, na rufe na taho ina murna. Da ɗalibina ne ya yi haka da na ja masa jan layi.

Ga abin da Haldor ya ji daga bakin Baba. Kakata Ingeleiv ta rasu kwana biyar da haihuwarsa. Tsakiyar Fabrairu ne, ka san yadda shanu suke a lokacin, ciyawa ta ƙare, ba saniya ɗaya mai nono a duk kwarin. An gwada jiƙa tsumma a ruwan hatsi ana ɗiga masa, yana amayarwa. Kakanmu har ya fara auna katako don ɗan akwatin gawa, a sa shi tare da uwarsa. Sai Brita ta shigo daga barga da nata jaririn a hannu, ba wanda ya kira ta. Ta ɗauki Baba daga shimfiɗa, ta zauna a bakin murhu, ta sa ɗaya a dama ɗaya a hagu. Haldor ya ce ita kanta a lokacin ƙashi da fata ce, mijinta bai yi wata biyu da nutsewa ba. Shekara ɗaya da rabi tana shayar da su. Gadon jariri ɗaya suka kwana, kan wannan wajen ƙafar wancan. Gadon yana nan a sama, Haldor ya nuna mini inda suka gwagwiyi katakon, gefe biyu.

Shi ya sa Baba bai taɓa cewa komai ba sai "ɗan'uwana Sjur". Ba ƙarya ya yi ba, Olai ma bai yi ƙarya ba. Ranar da Sjur zai shiga jirgin Arewa yana da shekara ashirin da ɗaya, shi ya so ya ajiye sunan gonar, tunda ya bar ta. Baba ya riƙe masa hannun riga a bakin ruwa ya ce, "In ka cire sunan nan, ni ma sai in amayar da nonon uwarka."

Ina zaune ina share hawaye da tsumman kwano, sai Haldor ya tashi ya sa takalmi ya ce in ɗauko makullin rumbu. Muka taka ƙanƙara, shi da sanda ni da gwiwa. A ƙasan tsohon akwatin nan mai fenti, wanda na sha zama a kansa ina ɓare wake, ya zaro wani abu naɗe a farin lilin. Shi ne a cikin ƙunshin da ke gabanka.

Ƙyallen ƙirjin Brita ne. Ita ta yi shi da hannunta don aurenta, ka juya bayansa za ka ga harufan sunanta da 1866. Ta rasu Sjur yana da shekara goma sha biyu. Da zai tafi ya ce ba zai kai shi cikin jirgin kifi ya ruɓe ba, ya bar wa Baba ajiya har ya haifi 'ya mace. Bai haifi mace ba. Olai ma kai kaɗai ya haifa.

Na ce, "Haldor! Runa fa shekararta goma sha huɗu a duniya!"

Ya ce, "Baba cewa ya yi a ajiye har 'yar Sjur ta zo. Ta zo?"

Na ce wannan karon ajiya ce za ta je. Ya yi gunaguni, amma shi ya ɗaure ƙunshin, da irin ƙullin da ba na jin za ka kwance ba wuƙa.

Na rubuta maka cewa Sjur ba jinin gidan nan ba ne, kuma haka littafi ya ce. Abin da ban sani ba shi ne mu ne muke yawo da abinku a jikinmu. Da Brita ta tsaya a barga a ranar nan, da babu Torkel, babu Haldor, babu wannan tsohuwa mai dogon surutu. Shekara sittin da tara ina cin tuffar gonar nan ban san wa zan gode wa ba. Yanzu na sani, kuma ba ta da wasu jikoki sai ku. Na gode, Eilert. Ka ce wa Borghild na gode, ka ce wa Runa. Barga da Olai yake nunawa, daga cikinta aka ceci gidan.

Brita 'yar Sjur, don sunan mahaifinta ta sa wa ɗanta, an haife ta 1843. Wannan karon na duba shafi uku.

Gwaggonka,
Gudveig


Hammerfest, 25 ga Janairu, 1988

Gwaggo,

Muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Bari in fara da laifina. Wasiƙarki ta Nuwamba ban karanta wa Inna ba. Na ga kamar lallashi ne kawai, na cusa ta a aljihun rigar aiki, ta yi wata biyu tana warin kifi. Da na karanta mata, da ta samu kwana goman nan na rana. Wannan nawa ne, ba naki ba. Ki yafe mini.

Ƙunshin ya iso kwana biyu kafin rana ta dawo. Gaskiyarki, sai da wuƙa. Na karanta wasiƙar a tsaye, Sissel ta karɓa daga tsakiya ta ƙarasa. Inna ta ce a miƙo mata ƙyallen. Ba ta kai shi ido ba, a cinya ta shimfiɗa shi tana bin duwatsun da yatsa, layi layi, har ta zagaye tauraron da ke tsakiyarsa. Ta daɗe. Sai ta ce, "Wannan matar ba ta san ha'inci ba. Ko ɗaya bai yi lilo ba." Can kuma ta ce, "To, me kuke jira? Akwatin zai buɗe kansa ne?"

Amma Gwaggo, duhun nan ya ci idon. Da rana ta fito muka zaunar da ita a taga, ta ɗaga farin ƙyallen gaba, ba ta ganin zaren sam. Ƙyallen ƙirji kin sauke mana nauyinsa, wannan kuwa rabi ya rage, kuma sai an ƙirga zare huɗu huɗu kafin a yanka. Sissel ta ce a kai wa mai ɗinki. Inna ta ce sai bayan ranta.

Runa ce ta ja kujera ta zauna ta ce a nuna mata. Yanzu kullum in ta dawo makaranta suna nan, ita da allura, Inna da yatsa tana bin bayanta. Jiya na ji su daga ƙofa.

"Biyar kika ɗauka. Warware."

"Kaka, ba kya gani fa!"

"Yatsana yana gani. Hannu kamar na mai fiɗar kifi."

"Ai 'yar mai fiɗar kifi ce."

"To, kifin nan huɗu huɗu ake fiɗarsa. Warware."

Ban sani ba ko za su gama. Abin da Inna take yi a yini, Runa mako take yi, rabinsa kuma warwara ne. Ku sa mu a addu'a. Ki gai da Baffa Haldor, ki ce na ga ƙullinsa.

Ɗanki,
Eilert Almenes


Hammerfest, 10 ga Mayu, 1988

Gudveig,

Borghild ce ke magana, Runa ke rubutawa, in kin ga kuskure nata ne. Ina gaishe ki, ina gai da gwiwarki. Ni lafiyata ƙalau, ido ne dai ya tafi abinsa tun Ista. Na riga na ba shi izini.

Mun gama ranar Alhamis, saura kwana uku. A gefen hagu na ƙyallen gaba akwai inda ta ɗauki zare biyar, na ji shi, na ƙyale. Kada ki rubuta wannan. To, ta ce ta riga ta rubuta.

Na yi fushi da ke wata biyu da rabi, na kira ki sunaye da ba zan sa yarinya ta rubuta ba. Na janye su duka, ban da guda ɗaya, mai dogon surutu, tunda ke ma kin yarda. Da kin aiko mini da Ingeleiv a ranar farko, da na ɗinka shi da idona, da kyau, ba karkata, kuma da ƙarya na sa wa jikata a ƙirji. Na gode da kika je kika duba.

Sunan kuwa, Runa ce ta ɗinka shi, da jan zare, daga ciki wajen zuciya. Harafin farko ya fi sauran girma, na ƙarshe kuma yana neman faɗuwa. Brita dai za ta gane kanta.

A coci ban ga komai ba sai haske-haske. Da aka fito, Eilert ya kawo mini ita a bakin ƙofa, na ɗora hannu a ƙirjinta. Duwatsun sun ɗumama, Gudveig. Shekara ɗari da wani abu suna kwance a rumbu cikin sanyi. Na tsaya a nan har mutane suka fara zagaye mu, matar fasto tana ta tari.

Ga hoto mun sa. An ce na rufe ido a ciki, ban ga amfanin buɗewa ba.

Za a rufe makaranta a ƙarshen Yuni. Eilert ya yanka wa Runa tikitin jirgin ruwa zuwa kudu, da kayan a akwatinta. Tana so ta ga gadon jaririn, da gangaren da kike hangowa daga taga. Ki koya mata abin da za ki koya mata, amma ki bar ta ta yi kwana ɗaya tare da Haldor ba ke a wurin, ko Allah zai sa ya yi magana ta huɗu.

Ki ce masa ya sa rigarsa mai kyau ya sauko bakin ruwa ranar biyu ga Yuli. Ajiyar da babansa ya bar masa ta ƙare. 'Yar Sjur ta zo.

Taki,
Borghild

Gwaggo, ni ce Runa. Wurin zare biyar ɗin guda uku ne. Biyu ba ta gano ba.